Gonar Likita a Diddigen Mai Ƙaguwa

An yi wani mutum a nan bakin tekunmu, likitan fata. Ba zan kama sunansa ba, ya 'yan uwa, ba don ina shakkarsa ba, sai don sunan bai cancanci a ambace shi a ɗakin ibada ba. Manyan cikinku sun san shi. Wasunku ma sun zauna a kujerarsa, daga nan inda nake tsaye ina hango shaidar haka a fuskokinsu.

Allah ya ba shi ido, wannan ba zan hana shi ba. In ya dubi tabo a jikin mutum, tun kafin ya ɗauko madubi ya san ko tawadar Allah ce ko mugun abu. Ya yi karatu a San Juan, ya je Amurka ya ƙaro, ya dawo ya buɗe asibitinsa a saman bene. Kun san yadda likitocin fata suka yi ƙaranci a Puerto Rico, da yawansu sun tattara sun bi dala zuwa Florida. To shi kaɗai ya rage a yankinmu, sai ya shiga cin karensa babu babbaka.

In ka buga waya asibitinsa, ba a tambayar sunanka, balle abin da ke damunka. Yarinyar da ke kan tebur abin da aka koya mata ta fara faɗa shi ne, "Wane katin inshora gare ka?" In ka ce katin tsofaffi ne, irin na waɗanda suka ƙarar da ƙarfinsu a masana'antun New York suka dawo gida da fansho, sai ka ji murya ta yi laushi, a ce gobe da safe ya yi maka? In kuwa katin gwamnati ne, na talakawa, wanda yake biya kaɗan kuma a makare, sai a ce ka jira bayan Kirsimeti, ko da a watan Maris ka kira. 'Yan matan teburin ma ba ya barin su daɗe. Da ɗaya ta fara gane fuskoki sai ya sallame ta ya ɗauko wata.

Wannan kam ba shi ya fara ba, kuma ba don shi na tsaya gabanku yau ba.

Mutumin nan ya zauna ya karanci kamfanonin inshora kamar yadda ɓarawo ke karantar gida. Ya gane waɗanda ke biyan kuɗin ba su taɓa ganin majiyyaci ba. Shekarunsa suke gani, da unguwarsa, da sunan cutar. In aka ce musu tsohuwa ce fara sol, wadda rana ta gasa shekara da shekaru, an same ta da sankarar fata, ba sa ko ɗaga ido, biya suke yi. Kuma abin da suke biya a kan yanke sankara ya ninka na cire tawadar Allah nesa ba kusa ba, musamman in a fuska take. Sharaɗi ɗaya ne: sai an yanki ɗan nama an kai ɗakin gwaji, ɗakin gwaji ya tabbatar.

Nan gizo ke saƙar. Tsofaffinsa masu katin ƙwarai yawancinsu lafiyarsu ƙalau. Ga kati, ba cuta. Ku dubi wannan abin kunya, ya 'yan uwa: likita ya kwana da baƙin ciki don marasa lafiyarsa suna da lafiya. Wace irin zuciya ce wannan?

Ana nan sai Allah ya kawo Don Eleuterio.

Waɗanda suka taso a bakin fadama sun fi saninsa da Don Tello mai ƙaguwa. Baƙi ne wuluk, dogo, mai yawan barkwanci. Tun yana yaro yake shiga laka ba takalmi yana kafa tarkon ƙaguwa, har kaushin ƙafarsa ya kai ƙaya ba ta ratsa shi. Matarsa ta rasu, 'yarsa Nilsa ce ke kula da shi, ita kuma girki take yi a makarantar firamare. Ita ce ta ga jini a zanin gadonsa, ta duba, ta ga wani baƙin tabo a diddigensa, bakinsa a karkace, yana faɗaɗa. Ta buga waya, aka ji katin gwamnati ne, aka ba su lokaci mai nisa. Suka jira, don talaka da jira aka san shi.

Safiya ɗaya a mako likitan ya ware wa masu irin wannan kati, ya tara su a baranda, ya riƙa sallamarsu a tsaitsaye. Da layi ya zo kansu, tsohon ya shiga yana mita.

"Likita, ni fa na ce mata ta ƙyale ni. Ƙafar da ta sha laka tun kafin a haifi uwar yarinyar nan, ɗan tabo ne zai tayar mata da hankali?"

"Baba, cire takalmin kawai," in ji Nilsa. "Ba hira muka zo ba."

Likita ya sunkuya ya duba. Kallo ɗaya ya yi ya san abin da yake gani. Mafi munin sankarar fata ce, wadda in ba a tare ta da wuri ba take bin jini ta shige ciki.

Nilsa ta ce, "Likita, ba mugun abin nan ba ne dai ko? Don maƙwabciyarmu ta ce…"

"Maƙwabciyar taku likita ce?" Ya yi murmushi. "Kwantar da hankalinki, 'yata. Irin fatarku ba ta yin wannan ciwo, na farare ne. Tusar jaki ce ta sha laka. Yanzu zan yanke ta. Ba sai mun wahalar da katin ba ma, kyauta zan yi wa Baba."

Don Tello ya juya ya harari 'yarsa. "Kin ji ko, sarkin tsoro? Baƙin mutum ai tukunya ne, wuta ta riga ta gama abin da za ta yi masa."

Suka yi dariya, har da likitan.

Ya 'yan uwa, ku ji da kyau, don maganar nan tana yawo a tsakaninmu. Ƙarya ce. Baƙar fata tana yin sankara, sai dai ɓuya take yi, a tafin ƙafa, a tafin hannu, a ƙarƙashin farce. Kuma duk yankin nan babu wanda ya san haka kamar mutumin da ya faɗi ƙaryar. Ya san Nilsa za ta yarda, don abin da kowa ke faɗa ne. Ya ɗauki jahilcinmu ya rufe mana ido da shi.

Ya yanke abin da ke sama, ya ɗinke, ya bar saiwar a ciki. Bai buɗe wa tsohon fayil ba, bai rubuta sunansa ko'ina ba, ai kyauta ce. Da baranda ta watse sai ya kulle ƙofa, ya ɗauki naman nan, ya kankare kaushin, ya yayyanka shi ƙanana, ya zuba kowane a kwalbarsa. Ga cuta a jikin wanda ba wanda zai yi zaton tana nan, ga kati a hannun waɗanda kowa zai yarda suna da ita. Sai ya haɗa su aure.

Daga ranar, in tsoho mai katin ƙwarai ya zo da ɗan tabo a kunci, sai likita ya tsinke shi ya jefa a shara, ya aika da naman Don Tello da sunan tsohon. Yau wannan ɗakin gwaji, gobe wancan, don kada ido ɗaya ya saba. Sakamako ya dawo: sankara. Sai ya kira mutum, ya ɓata fuska, ya riƙe masa hannu, ya ce Allah ya taimake ka mun gano ta da wuri. Sannan ya sa wuƙa a lafiyayyen nama ya yanke mai faɗi, kamfani ya biya.

Kun tuna Doña Herminia, da ta ƙare ƙuruciyarta a kan keken ɗinki a New York? Da ya gaya mata wai tana da sankara, gida ta koma ta raba wa jikokinta 'yan kunnayenta, ta fitar da rigar da take so a binne ta da ita ta goge. A nan, a gaban nan, muka taru muka ɗora mata hannu, muka gode wa Allah da ya ba garinmu ƙwararren likita. Har addu'armu mutumin nan ya mai da talla.

Shi kuwa diddigen Don Tello, tunda saiwa na ciki, sai ya sake tsirowa. Ya dawo, likita ya sake yanka, kyauta. Ya sake tsirowa, ya sake yanka. Wani zai ce, to me ya hana shi aika ko ɗan yanki ɗaya da sunan mai shi, ya sami magani? Ai in ya yi haka babban asibiti za a kai tsohon, a tumɓuke abin gaba ɗaya, shi ke nan gona ta tashi. Gona ce fa, ya 'yan uwa. Ya shuka mutuwa a ƙafar bawan Allah yana jiran kaka.

Don Tello kuwa godiya ta hana shi sakat. Kun san al'adarmu, ƙaguwar da za a ba mutum mai daraja ba a ɗauko ta daga laka a miƙa. Sai an sa ta a keji, an kiwata ta da masara da kwakwa, cikinta ya wanke, ta yi mai. Haka tsohon nan yake zaɓo manya ya kiwata, ya ɗaure, ya hau benen nan yana ɗingishi.

"Likita, ga 'yan matanka na kawo. Duk mata ne, cike da ƙwai. Ka ce wa uwargida da shinkafa za ta haɗa, kada ta cika tumatir."

"Ajiye a bayan ƙofa, Baba, kada su ɓata min daɓe. Ya ƙafar?"

"Tana nan da taurin kai irin na mai ita."

"To hau gado mu gani."

Ya yanka, ya ci ƙaguwa, ya sayi sabuwar mota, ya sayi jirgin ruwa na shaƙatawa ya sa masa sunan matarsa. In ya shigo taro a farar riga sai a tashi a ba shi kujerar gaba.

Amma kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ya daɗe yana sata ba a kama shi ba yakan fara ganin wayonsa ne, ya manta jinkiri ne aka yi masa. Wata Juma'a da rana abokansa na jiransa a bakin jirgi, ƙanƙara na narkewa, yana sauri. Ya jefa yankin nama a kwalba bai kankare kaushin ba, ya rubuta a jiki wai daga gefen hancin wani tsohon malamin makaranta ya ciro shi.

Kwalbar ta faɗa hannun wata likitar gwaji a birnin Ponce, Dakta Irizarry, mace mai ƙarancin magana. Ta sa a madubin awo ta duba. Sankara kam ga ta. Amma a samanta ga kaushi mai kauri, babu saiwar gashi ko ɗaya, fatar da ta yi shekaru tana taka ƙasa. Ta ɗauki waya.

"Likita, tun yaushe hanci ya fara faso?"

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce ƙila kwalabe ne suka rikice, yaran yanzu ba su da natsuwa.

Ta ce, "To in haka ne, akwai wani mai diddige yana yawo da sankara bai sani ba. Ba ni sunansa."

Ya ce zai duba ya kira ta. Bai kira ba. Ita kuwa ta kai magana inda ya kamata.

Masu bincike suka zo, suka rufe asibitin, suka bi ɗakunan gwaji suna tattaro abin da ya taɓa aikawa. Aka auna, aka ga abin mamaki: tsofaffi birjik, maza da mata, amma naman duk na mutum ɗaya ne. Wane ne shi? Suka birkice fayiloli, babu mai ciwon diddige. Suka nemo 'yan matan tebur, kowace ta ce masu katin gwamnati a baranda suke cika, ba ta san kowa ba.

Sai suka zaunar da likitan. Suka ce masa, bar batun kuɗi, wannan na kotu ne. Suna ɗaya muke so. Mutumin nan yana iya rayuwa in aka same shi yanzu.

Ya 'yan uwa, a nan ne Allah ya buɗe masa ƙofa ta ƙarshe. Duk abin da ya yi a baya, da ya buɗi baki a ranar, da yau ina ba ku labarin mai zunubin da ya tuba. Amma lauyansa ya raɗa masa cewa sunan nan shaida ne mai ƙafa biyu, in ya shigo kotu an gama. Sai likitan nan, mai idon da ba ya manta tabo, ya dubi mutane ya ce bai tuna ba. Aka sake tambayarsa bayan mako, bai tuna ba. Bayan wata, bai tuna ba.

A cikin kwanakin nan Don Tello ya hau bene da ƙaguwarsa ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Da aka ce masa ana zargin likita da cutar kamfanin inshora, faɗa ya kama yi a tasha. "Hassada ce kawai. Mutumin da bai taɓa karɓar ko kwabona ba? In kun ga baƙin cikin mutanen garin nan, to wani ne ya ci gaba."

Sai da damina ta wuce masu binciken suka haƙura da shi, suka sa sanarwa a rediyo: duk wanda likitan nan ya taɓa yi wa yanka a tafin ƙafa, ya je babban asibiti yau, kada ya kai gobe. Nilsa na tsaye kan tukunyar wake a makaranta ta ji. Ko ɗankwalin aiki ba ta cire ba ta je ta ɗauko uban. A lokacin kaluluwa ta riga ta fito masa a matsematsi, yana tari, wandonsa ya yi masa yawa.

Likitocin can ba su ɓoye mata ba. Suka ce da a yankan farko aka kawo shi, ɗan diddige zai rasa ya ci gaba da kamun ƙaguwarsa. Da a lokacin da aka fara neman sunansa ne, da akwai abin gwadawa. Yanzu ta shiga hanta, ta shiga huhu.

Na je duba shi. Nilsa ta riga ta warware masa komai. Yana kallon silin ya ce, "Fasto, ƙaguwar nan da nake kai masa, yana ci kuwa?"

Na ce, "An ce yana ci."

Ya gyaɗa kai. "Ashe ni ma kiwona yake yi."

Bai ƙara maganar likita ba har ya cika. Muka binne shi kusa da matarsa.

Ranar shari'a tsofaffin nan suka cika layin gaba, kowa da ɗinkinsa a fuska, wannan a kunci, wancan a goshi, Doña Herminia da leɓenta da ya janye gefe har abada. Alhaki kwikwiyo ne. Aka ɗaure likitan, aka ƙwace lasisinsa, aka sayar da gida da mota da jirgin. Matar da aka rubuta sunanta a jikin jirgi ta tattara ta tafi Florida, 'ya'yansa suka ajiye sunansa suka koma amsa na gidan uwarsu. Abokan Juma'a ko ɗaya bai leƙa shi ba.

Kuna zaton kurkuku ta gyara shi? Ni ma na so in yi zaton haka. Da ya fito, ya zo ya same ni a nan, ya rame, ya rine furfurarsa da baƙin shuni. Ya ce yana so in raka shi wurin Nilsa ya nemi gafara. Na ji daɗi, na ɗauki hulata. Muna tafe a hanya sai ya ce, in ta yafe, ko zan lallashe ta ta je gaban hukumar likitoci ta faɗa da bakinta, don an ce hakan yana taimakawa wajen mai da lasisi. Kun ji fa. Tuban ma ciniki ne.

Na so in juya. Sai na ce bari dai ya je ya ga idonta.

Muka same ta a baranda tana ɓarar wake a faranti. Ta gaishe ni, ba ta ba shi kujera ba. Ya fara jawabin da ya haddace, shaiɗan ne, matsin rayuwa ne, kamfanoni ba sa biyan likita haƙƙinsa. Ta bar shi har ya gaji.

Sannan ta ce, "Bayan shari'a an ba ni kwalabe, kowace da sunan wani a jiki. Na kai kabarinsa na tona gefe na binne. Amma sun ce wasu ɗakunan gwajin sun riga sun zubar da nasu. Ina so in san nawa ne ban samu ba. Gida nawa ka raba ubana?"

Ya dubi ƙasa. Ya ce, "Ban ƙirga ba."

"Ba ka ƙirga ba."

Ta ci gaba da ɓarar wakenta. Can ta ce, "Fasto, ka gaida gida."

Muna fita ƙofar, mutumin nan ya taɓa hannuna ya ce, "Kana ganin in an ba ta lokaci za ta sake tunani?" Na zare hannuna na wuce. Yana nan har yau, a wani ɗaki bayan shagon masu faci, in ya fito sayen burodi mutane su tsallaka titi.

Ya 'yan uwa, kada wani ya koma gida ya ce wannan wa'azin likitoci ne. Zunubin mutumin nan bai fara daga wuƙa ba. Ya fara ne ranar da ya yarda a tambayi katin mutum kafin sunansa. Wanda ya saba kallon ɗan'uwansa yana ganin abin da zai samu a jikinsa, wata rana ciwonsa ma zai zame masa abin sayarwa. Kai mai kanti, kai mai gidan haya, ke da ke zaune a bayan tebur, in mutum ya tsaya gabanku me kuke fara dubawa? Kuma in kun riga kun yi ɓarna, aka zo aka ce ku faɗi kalma ɗaya wani ya tsira, kada ku tsaya lissafin abin da za ta jawo muku. Sata ta kai mutumin nan kurkuku, amma shirunsa ne ya kashe Don Tello, kuma wannan shari'ar ba a fara ta ba tukuna.

In kun isa gida yau, ku zaunar da iyayenku, ku cire musu takalmi, ku duba tafin ƙafarsu. Ba raini ba ne, ƙauna ce.

Allah ya ji ƙan Don Eleuterio, ya sanyaya zuciyar 'yarsa. Allah ya raba mu da abincin da aka dafa da jinin wani. Ya ba mu bakin faɗar gaskiya tun tana da amfani. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye na hannunmu daga sharrinmu. Amin.